Tambaya da Amsa: Ga Renon 'Ya'ya Ke Kaɗai, Ga Aiki, Ga Hidimar Ikilisiya

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duk sun zo ne daga iyayen da ke riƙe da gida su kaɗai, sai ɗaya daga wani dattijon ikilisiya. Masu amsawa kamar kullum su ne fasto, da dattijuwa daga zumuntar mata, da lauya. Mun sakaya sunayen masu tambaya.

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ni malamar asibiti ce, shekara 2 ke nan da rasuwar maigidana. Ya bar mini yara uku: 'yar shekara 11, ɗan shekara 8, da auta mai shekara 4. Ina zumuntar mata, ina kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan coci, ina koyarwa a makarantar Lahadi, kwanan nan kuma aka ba ni ma'ajin zumunta. A wurin aiki an ba ni takardar tuhuma saboda makara. Babbar 'yata ce ke dafa abincin dare idan ina coci. Na gaji ƙwarai, amma ina tsoron in ajiye wani abu ya zama na juya wa Allah baya. Yaya zan yi?
*Wata uwa daga Kafanchan*

Sannu da ɗawainiya, 'yar'uwa, Ubangiji ya ƙara miki ƙarfi. Shawararmu ita ce ki riƙe hidima ɗaya, ki sauke sauran, ki kuma yi hakan da zuciya a kwance.

Ɗauki takarda ki yi lissafi tukuna. Idan zumunta na haɗuwa sau biyu a mako, awa biyu kowane zama, ga awa ɗaya na zuwa da dawowa, awa 6 ke nan. Gwajin waƙa sau biyu, wasu awa 6. Shirya darasin makarantar Lahadi da koyar da shi, a ƙalla awa 3. Karɓar kuɗi, rubuta littafi da zuwa banki, a ce awa 2. Kin ga awa 17 sun tafi, ba a sa sujadar Lahadi ba, ba a sa ziyarar marasa lafiya da jana'iza da biki ba. Abin da ya fi damun mu shi ne kusan duk awoyin nan suna faɗawa tsakanin ƙarfe huɗu na yamma da bakwai na dare, daidai lokacin da yara suka dawo daga makaranta suna bukatar abinci, wanka, da mai duba musu aikin gida. A gidan da iyaye biyu ke ciki, ɗaya na fita ɗaya ya tsare. A gidanki idan kin fita, babu kowa.

Wadda za ki fara saukewa ita ce ma'aji. Ba don muna shakkar amincinki ba. Kuɗin jama'a a hannun mace mai yara uku da albashi ɗaya nauyi ne iri biyu: ranar da auta ya kwana da zazzaɓi aljihu kuma babu komai, zuciya za ta ce a ara a mayar ƙarshen wata, ranar da lissafi ya sami giɓin naira dubu biyu saboda wata ta manta ba ta biya ba, bakin mutane kanki zai fara sauka. Ki miƙa littafi da kuɗi a gaban shugabar mata da sakatariya, a ƙirga, kowa ya sa hannu, ki riƙe kwafi.

Kwaya ita ce ta biyu, domin gwajin waƙa ba ya jure fashi, jadawalin aikin asibiti kuma yana juyawa tsakanin safe, yamma da dare. Makarantar Lahadi ce ta fi dacewa da ke a yanzu: lokacinta ba ya canjawa, yaranki suna wurin tare da ke, kina iya shirya darasin a gida bayan sun yi barci. Zumuntar mata kuwa kada ki fita daga cikinta. Ki zauna a matsayin mamba, ki je sau ɗaya a mako ko duk lokacin da ba kya bakin aiki. Su ne za su tsaya miki ranar da ciwo ya kwantar da ke.

Kada ki ɓace shiru, don shi ke jawo ƙananan maganganu. Ki sami shugabar kwaya da Mama Fasto ki faɗa musu dalili a fili, ki ba da wata ɗaya a sami wadda za ta maye gurbinki, ki kuma ce za a sake duba maganar idan auta ya shiga firamare. Wanda ya ji an sa wa abu lokaci ba ya ɗaukarsa a matsayin fushi.

Game da takardar tuhuma: ki amsa a rubuce cikin wa'adin da aka sa a jikinta. Ki amince da makarar, ki faɗi gyaran da kika yi, ki riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Kada ki rubuta cewa aikin coci ne ya riƙe ki, domin ba hujja ba ce a ofis, kuma tana zubar da sunan Almasihu a gaban abokan aiki. Idan za ki yi musayar aiki da wata, a rubuta a littafin sashe da sanin shugabar ma'aikatan jinya. Musayar baki da baki ita ce ke barin ɗakin marasa lafiya babu kowa, sunanki kuma ke kan jadawali.

Maganar babbar 'yarki ta fi duk waɗannan gaggawa. Yarinya 'yar shekara 11 tana iya wanke kwanuka, ta ɗumama abinci kina kusa, amma kada a bar ta da tukunyar gas ko risho da yaro ɗan shekara 4 da magariba. Ki yi miya mai yawa ranar da kike hutu, ki raba ta a robobi gwargwadon cin kwana ɗaya. Idan babu firji ko wuta ba ta tsayawa, ki tafasa ta safe da yamma. A ranakun aikin dare kuma a sami babba guda, 'yar'uwa ko maƙwabciya da kika yarda da ita, ta kwana da su. Kaɗa tuwo da tuƙa shi aikin babba ne, tafasasshen ruwa ba ya wasa da ƙaramin hannu.

Tsoron da kike ji na juya wa Allah baya, ki auna shi da Maganarsa. A 1 Timoti 5:8 Bulus ya ce wanda bai kula da mutanen gidansa ba ya yi musun bangaskiya. A Kolosiyawa 3:23 an ce duk aikin da muke yi mu yi shi da zuciya ɗaya kamar ga Ubangiji muke yi, allurar da kike yi wa mara lafiya da ƙarfe biyun dare tana ciki. A Fitowa 18 Yetro ya ga Musa yana shari'a daga safe har yamma, ya ce masa abin da yake yi ba shi da kyau, zai gajiyar da kansa da jama'a. Timoti kansa daga bakin kakarsa da mahaifiyarsa ya fara jin bangaskiya. Minti goma na karatu da addu'a da yaranki kafin barci hidima ce cikakkiya, kuma babu wanda zai iya yi miki ita.

Baba Fasto, ina gaisuwa. Mijina ya tafi ya bar ni da yara biyu, shekara 4 ba aike ba saƙo. Albashina naira 85,000 ne. Haya 180,000 a shekara, kuɗin makaranta 60,000 kowane zango. Na ci bashin 40,000 da ruwa, kashi goma cikin ɗari duk wata, don in cika alkawarin da na ɗauka a taron gina majami'a. Wani mai wa'azi ya ce idan na shuka iri mai tsoka, wato na ba da baikon kuɗi mai yawa, bashin zai biya kansa. Ina ba da zakka, ina hidima, amma ban ga albarka ba. Ina kuskuren yake?
*Wata 'yar'uwa daga Gombe*

'Yata, bari mu fara da lissafin, don a nan ciwon yake. Haya 180,000 idan aka raba wata 12, 15,000 ke nan duk wata. Kuɗin makaranta zango uku 180,000 ne, wata 15,000 ɗin. Zakka 8,500. Abin da ya rage na abinci, mota, magani, sabulu da wuta 46,500 ne ga mutum uku. Daga ciki ruwan bashi yana cin 4,000 kowane wata ba tare da ya taɓa uwar kuɗin ba. Idan kika shekara a haka kin biya 48,000, har yanzu kuma ana bin ki 40,000.

Saboda haka bashin nan shi ne abin kashewa na farko. Ki je wurin mai kuɗin da shaida guda, ki nemi a tsayar da ruwan a raba uwar kuɗin kashi huɗu ko biyar. Idan ya ƙi, ki nemi rance marar ruwa daga asusun zumunta ko ƙungiyar haɗin kai ta ma'aikata a wurin aikinki ki biya shi gaba ɗaya. Idan kina adashi, ki roƙi uwar adashi ta matso miki da kwasarki. Kada ki ci bashin manhajar waya don biyan wannan, ruwansu ya fi zafi, kuma idan aka makara suna bin lambobin da ke wayar mutum suna tozarta shi.

Ranar da albashi ya shigo, kafin ki shiga kasuwa, ki cire 30,000 na haya da makaranta ki sa a wani asusu dabam wanda ba ki riƙe katinsa a jaka. Yawancin iyaye ba rashin kuɗi kaɗai ke kai su ga mai ba da bashi ba, zuwan haya da kuɗin zango a dunƙule ne, a watan Satumba ko Janairu, alhali ba a tara musu ba.

Zakka kuwa, ikilisiyoyinmu suna koyar da ita, mu ma ba mu hana ki ba. Amma ki bambanta ta da alkawarin taro. Alkawarin gini baiko ne na ganin dama, 2 Korintiyawa 8:12 kuma ta ce ana karɓar bayarwa gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba. Sura ta 9 aya 7 ta ƙara da cewa kada a bayar da ɓacin rai ko a kan tilas. Idan an kira sunaye a gaban jama'a kunya ta sa kin ɗaga hannu, kina da damar zuwa wurin sakataren ikilisiya ki rage adadin ko ki tsawaita lokacin biya. Babu zunubi a ciki. Ki kuma karanta Maimaitawar Shari'a 14:28-29: zakkar shekara ta uku ana tara ta ne domin Balawe, baƙo, maraya da gwauruwa su ci su ƙoshi. Gida irin naki yana cikin waɗanda ya kamata taskar ikilisiya ta waiwaya.

Wa'azin shuka iri da bashi ba mu yarda da shi ba, muna kuma faɗa da babbar murya. A 2 Sarakuna 4 wata gwauruwa ta zo wa Elisha da kukan bashi. Bai ce ta kawo masa komai ba. Ya tambaye ta abin da take da shi a gida, ta ce ɗan mai. Bayan Allah ya yawaita man, umarnin annabin shi ne ta sayar ta biya bashinta, ita da 'ya'yanta su ci sauran. Ki tambayi kanki irin wannan tambaya: me ke hannunki? Idan kin iya zoɓo, kunun aya, cincin ko kitso, ki fara da jarin da bai wuce 10,000 ba, ki sayar wa abokan aiki, ki rubuta abin da kika kashe da abin da ya shigo. Inda irin wannan sana'a ke mutuwa shi ne bashin abokan aiki na "sai an yi albashi", da cin uwar kuɗi a cefanen gida.

Sannan uban yaran yana da alhakin ciyar da su ko yana ina. Idan an san inda yake, ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma yana kiran irinsa a zauna a yanka masa abin da zai riƙa bayarwa, idan ya ƙi a kai kotu. Neman haƙƙin yara bai saɓa wa gafara ba.

Mijina ma'aikacin wani kamfani ne, ya rasu a haɗarin mota wata 5 da suka wuce. 'Yan'uwansa sun kwashe takardunsa, sun ce tunda 'ya'ya mata kaɗai na haifa ba ni da rabo a gidan, kuma ƙanensa ne magajin da ya rubuta a wurin aiki. Wasu a coci sun ce in bar wa Allah. Ni mai koyar da ajin baftisma ce, ba na so a ce na kai dangin mijina kotu.
*Wata gwauruwa daga Jos*

Allah ya ta'azantar da ke, 'yar'uwa. Haƙuri da barin ramuwa umarnin Ubangiji ne, amma abin da ake magana a kai abincin marayu ne da makarantarsu, ke kuma wakiliyarsu ce. A Littafin Ƙidaya sura 27 'ya'yan Zelofehad mata biyar sun tsaya a gaban Musa sun nemi gādon mahaifinsu, Ubangiji ya ce suna da gaskiya.

Abu na farko da za ki sani: sunan da mutum ya rubuta a fom ɗin aiki a matsayin na kusa da shi, wanda za a tuntuɓa idan wani abu ya faru, bai mai da wannan mutum magaji ba. Na biyu, irin auren da kuka yi yana da tasiri. Idan an ɗaura shi a rajista, ko a majami'ar da ke da lasisin ɗaura aure aka ba ku takardar gwamnati, rabon gādo yana bin dokar ƙasa, wadda ta ba mata da 'ya'ya gaba. Idan auren gargajiya ne fasto ya sa albarka kawai, al'adar mamacin ce ake dubawa. Ko a nan ma al'ada tana da iyaka. A 2014 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci biyu, ɗaya ya soke al'adar hana 'ya mace gādon mahaifinta, ɗayan ya ƙi amincewa da korar gwauruwa daga gidan mijinta don ba ta haifi namiji ba. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda jihohi da yawa suka karɓa, ta mai da musguna wa gwauruwa da sunan al'ada laifi.

Ga abin da za ki tara. Takardar shaidar mutuwa daga asibiti da ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Rahoton 'yan sanda, tunda haɗari ne. Takardar aurenku, takardun haihuwar yara, katin shaidarki da hotuna. Duk wadda aka kwashe ana iya neman kwafinta a inda aka bayar da ita, don haka kada riƙe takardu ya tsorata ki. Ki rubuta wa kamfanin wasiƙa ki sanar da su rasuwar, da cewa akwai mata da yara ƙanana, ki nemi kada a biya kowa komai sai an kawo takardar kotu. Ki yi haka ga bankinsa da kamfanin da ke riƙe da fanshonsa.

Kuɗi iri biyu ne ake yawan mantawa. Dokar fansho ta 2014 ta sa ma'aikaci ya riƙa tara kashi 8 cikin ɗari, mai ba shi aiki ya ƙara aƙalla kashi 10, a asusun da ke da sunansa. Wannan ba a sakinsa sai da wasiyya da kotu ta tabbatar, ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci. Dokar ta kuma wajabta wa wuraren aikin da ta shafa su yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Idan kamfanin bai yi inshorar ba, biyan ya koma kansa. Ki tambaye su a rubuce sunan wa aka sa a matsayin mai cin moriyar inshorar.

Takardar izinin ana neman ta ne a sashen gādo na Babbar Kotun jiha. Za a ba ki fom, ki lissafa dukiyar, bankuna su cika abin da ke asusu, a kawo masu tsaya miki, a buga sanarwa a jira ko akwai mai ja, a biya wani kaso na darajar dukiyar. Idan akwai yara ƙanana akan nemi mutum biyu su riƙe izinin tare. Nan ne dabara take: ki nemi mutum ɗaya mai tsoron Allah daga dangin mijinki ya zama na biyun. Yakan kashe rabin rigimar. Abin yana ɗaukar watanni, kada ki ƙosa ki sa hannu a takardar da ba ki karanta ba, kada kuma ki cire kuɗi da katinsa na banki ko da kin san lambar, domin da wannan za a juya maganar a kanki.

Kafin kotu, ki bi tsarin Matiyu 18: ki nemi Baba Fasto da dattawa biyu su zauna da dangin, a rubuta abin da aka amince, kowa ya sa hannu. Idan ya ci tura, Hukumar Ba da Tallafin Shari'a da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA suna taimakon marasa ƙarfi ba tare da kuɗin lauya ba. Ajin baftismarki ba zai ragu da komai ba don kin tsare haƙƙin marayu ta hanyar gaskiya.

Na haihu ban yi aure ba, jaririn yana wata 4. An sa ni a horo, na karɓa, na tuba. Da ina waƙa a zumuntar matasa. Shin zan sake yin hidima? Za a karɓi ɗana? Ga shi zan koma aikin shago.
*Wata matashiya daga Zonkwa*

'Yarmu, za ki sake yin hidima. Horo magani ne mai wa'adi, manufarsa a komo da mutum. A 2 Korintiyawa 2:6-8 Bulus ya ce wa ikilisiya hukuncin da aka yi wa mai laifi ya isa, su gafarta masa su ta'azantar da shi don kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Tsawon horo ya bambanta daga ɗarika zuwa ɗarika, don haka ki je da wata dattijuwa wurin fasto ki tambayi abu uku: yaushe zai ƙare, me ake so ki yi a cikinsa, wa aka ba alhakin bibiyarki. Horon da ba a faɗi ƙarshensa ba, ba a kuma sa mai ziyara ba, shi ke sa matasa su bar coci gaba ɗaya. Ki riƙa zuwa sujada ko da a bencin baya ne. Bayan an maido ki ga Jibin Ubangiji, ki fara da hidimar da ba ta tsayawa a gaba na ɗan lokaci, ki bar amincinki ya yi magana.

Yaron ba shi da laifin komai. Ezekiyel 18:20 ta ce ɗa ba zai ɗauki alhakin iyayensa ba, sashe na 42 na tsarin mulkin Najeriya kuma ya hana a tauye wa mutum haƙƙi saboda yanayin haihuwarsa. Ko ikilisiyarku miƙa jarirai take yi ko yi musu baftisma, ki nemi a yi masa. Idan ba ki karɓi takardar haihuwarsa daga Hukumar Ƙidaya ba, ki je yanzu, ana samun ma'aikatansu a asibitoci da sakatariyar ƙaramar hukuma. Muna kuma tuna wa dattawa cewa wannan cikin, mutum biyu ne suka yi shi. Idan saurayin ɗan ikilisiya ne, horo da ɗaukar nauyin yaro sun hau kansa shi ma.

A wurin aiki, dokar ƙwadago ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana, ba ta kuma ce sai matar aure ba. Ki yi ƙoƙari ki kai wata 6 kina ba shi nono zalla. Nonon da aka tatsa a kofi mai tsabta da murfi yana kaiwa awa 4 a ɗaki mai sanyi, a lokacin zafi kuwa ƙasa da haka, a firji mai wuta tsayayye har kwana 4. Ana ɗumama shi ne ta sa kofin cikin ruwan ɗumi, ba a ɗora shi a wuta.

Ni direba ne, matata ta rasu bara ta bar mini 'yan mata biyu, shekara 12 da 7. Ni mai tsaron ƙofa ne a coci. Dangi sun ce in yi aure da wuri ko in raba yaran ga 'yan'uwa. Me kuka gani?
*Wani uba daga Biu*

Ɗan'uwa, sannu da haƙuri. Idan da hali kada ka raba su. Sun rasa uwa, kada su rasa juna da uba a shekara guda. Yarinyar da aka kai gidan dangi a birni da sunan makaranta sau da yawa takan ƙare a wanke-wanke da reno. Idan dole ta sa, su tafi tare gida ɗaya, kai ka riƙa biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, kana karɓar sakamakon kowane zango da hannunka.

Abin da ya fi: ka nemi sauyin hanya zuwa tafiyar da ake kwana a gida, ko da kuɗin ya ɗan ragu. Idan tafiyar kwana ta kama, kakarsu ko gwaggonsu ta zo ta kwana. Ka nemi Mama Fasto ta zaɓa musu mace ɗaya dattijuwa daga zumunta, da sanin kowa, wadda za ta riƙa duba kitso, kayan ciki da maganar girma. Babbar tana gab da fara al'ada idan ba ta riga ta fara ba. A yi mata bayani tun kafin ranar, kai kuma ka sa audugar mata cikin cefanen wata kamar yadda kake sa sabulu, don kada kunya ta sa ta nema a hannun wani a waje. Ka koya musu cewa babu wanda ke da izinin taɓa jikinsu, ko ɗan'uwa ne ko malami, kuma duk abin da suka faɗa maka ba za ka yi musu tsawa ba.

Tsaron ƙofa hidima ce da ta dace da kai, tunda ranar Lahadi ce kuma yaran suna kusa. Kada ka ƙara wata a yanzu.

Aure halal ne gare ka, mutuwa ta kwance alkawarin farko. Gaggawar ce abin gudu. Wanda ya yi aure don neman mai dafa abinci yakan kawo wa yaransa sabon kuka. Ka faɗa wa wadda kake nema tun farko cewa yaran suna gidan kuma ba za su tafi ko'ina ba, ka ga yadda take da su na wasu watanni a gaban mutane. Ku yi gwajin cutar ƙanjamau da na jinin sikila, domin idan ku biyu AS ne, wato kuna ɗauke da ƙwayar halittar sikila ba tare da ciwon ba, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Kafin ɗaurin aure ka rubuta wasiyya da shaidu biyu, ka ware abin da mahaifiyarsu ta bari da sunansu.

A ikilisiyarmu mukan raba wa gwauraye shinkafa da atamfa lokacin Kirsimeti. Ya isa, ko akwai abin da ya fi?
*Wani dattijon ikilisiya daga Kaduna*

Baba, Allah ya saka, amma bai isa ba, don yunwar Yuli da Agusta da kuɗin makarantar Satumba ba sa jiran Disamba. A Ayyukan Manzanni 6 da aka yi gunaguni cewa ana manta wasu gwauraye a rabon abinci, manzanni sun sa an zaɓi mutum bakwai aka danƙa musu aikin. Ku ma ku kafa kwamiti na dindindin, maza da mata, da littafin da ke ɗauke da sunan kowane gida, yawan yara, ajinsu da sana'ar mai riƙe da su. Ku sa har da mazan da matansu suka rasu, da waɗanda aka gudu aka bari, da 'yan matan da suka haihu a gida.

Ku ware baikon Lahadi ɗaya a kowane wata uku, a asusu mai sa hannun mutum biyu. Kuɗin makaranta a biya shi ga makarantar a karɓo rasit. Jari a ba da shi da kaya, kamar keken ɗinki ko buhun waken ƙosai, a haɗa mai karɓa da wadda ta daɗe a sana'ar ta riƙa leƙa ta duk wata. Kada a kira sunayensu a gaban jama'a ko a ɗauki hotonsu suna karɓa. Ziyara kuma a riƙa yin ta mutum biyu, da mace a ciki, da rana. Idan an yi rasuwa, dattijo ɗaya da ya san takardu ya je gidan a makon farko, kafin a fara kwashe kaya. Lokacin rabon muƙamai a ƙarshen shekara kuma, sakatare ya duba kada sunan mai renon yara shi kaɗai ya fito a wuri fiye da ɗaya.